Kundina a kan ƙagaggun labaran baƙaƙen fatar Amurka: yadda aikin ke tafiya

13 ga Janairu, 2025

Sashe ya amince da batun da zan rubuta kundin digirina na biyu a kansa, wato ƙagaggun labaran baƙaƙen fatar Amurka na wannan zamani. Saura farfajiyar bincike. Jerin littattafan da na kai wa Malama mai duba aikina ya taso tun daga Kindred na Octavia Butler na 1979, ya dire a kan James na Percival Everett da ya fito bara. Ta bi jerin da alƙalami har ƙasa, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, wannan ai aikin rayuwa ne. Ɗauki uku ka san su ciki da bai." Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Ta kuma ja kunnena kada in tsaya a kan jigon bauta tsagwaronsa, don an riga an tattake wurin. Tun 1987 Bernard Bell ya ware irin littattafan da marubutan yau ke rubutawa da muryar bawa, suna bin sawun tsofaffin bayi irin su Frederick Douglass da ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1845 da Harriet Jacobs da ta fitar da nata a 1861. Ashraf Rushdy ya yi littafi guda sukutum a kan wannan reshe a 1999. Idan ina son hujjar ci gaba da bincike, sai na nemo wata ƙofa.

4 ga Fabrairu

Na tsayar da ukun: Beloved na Toni Morrison, 1987, Sing, Unburied, Sing na Jesmyn Ward, 2017, The Nickel Boys na Colson Whitehead, 2019. Abin da ya haɗa su a wurina shi ne, kowane akwai yaron da aka kashe, ko dai ba a yi masa sutura ba, ko ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, kuma littafin ba ya samun sukuni sai an faɗi yadda yaron ya mutu. A biyu daga ciki ma, wanda ya fi kowa ƙaunar yaron ne ya kashe shi da hannunsa, don ya san abin da ke jiran sa in an kama shi da rai.

Littattafan sun iso ta hannun wani ɗan'uwa da ya dawo daga tafiya. Na Morrison kaɗai ake samu a laburare.

25 ga Fabrairu

Na gama sake karanta Beloved, wannan karon da tarihin Margaret Garner a gefena. A watan Janairu na 1856 wannan baiwa ta tsere daga jihar Kentucky tare da mijinta da 'ya'yanta huɗu, suka taka kogin Ohio da sanyi ya daskarar suka shiga birnin Cincinnati, inda babu bauta. Da masu farautar bayi suka kewaye gidan da suka fake, sai ta yanka 'yarta mai shekara biyu, don kada a mayar da ita. Morrison ta ci karo da labarin ne a wani tsohon yankin jarida lokacin da take aikin edita a kamfanin Random House, tana haɗa The Black Book da ya fito a 1974.

Shari'ar da ta biyo baya ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma da ita zan buɗe babi na biyu. Lauyan Garner so yake a tuhume ta da kisan kai a ƙarƙashin dokar Ohio. Da jin haka sai mutum ya ɗauka ba ya ƙaunarta, alhali dabara ce: tuhumar kisan kai na nufin kotu ta yarda cewa ita mutum ce, 'yar da ta mutu ma mutum ce, kuma za a riƙe ta a jihar da ba a bauta. Ubangijinta kuwa ya kafe a kan dokar tarayya ta 1850 da ta wajabta mayar da gudajjen bawa, wato a idonsa dukiya ce ta ɓata, dukiya kuma ta lalata dukiya. Dokar tarayya ta yi rinjaye, aka mayar da Garner, aka tura ta can kudu. Ke nan mutuwar yarinyar ba ta taɓa samun zaman kotu a matsayin mutuwar ɗan Adam ba. Wannan zaman da aka hana, shi Morrison ta kira bayan shekara 131, ta sa mamaciyar ta dawo da ƙafarta gida mai lamba 124.

Abu biyu zan dafa a cikin matanin. Na farko, dutsen kabarin. Sethe, uwar da ta kashe 'yarta a littafin, ba ta da kuɗin biyan mai sassaƙa, da jikinta ta biya, kuma abin da ta samu haruffa bakwai ne kacal, kalma guda, wato Beloved, da ta tsinta a huɗubar jana'iza. Sunan yanka na yarinyar ba ya fitowa ko sau ɗaya daga farkon littafin har ƙarshe. Na biyu, wanda manazarta da yawa ke wucewa da sauri, shi ne zaman kurkukun da Paul D, wanda ya yi bauta tare da Sethe, ya yi a Alfred ta jihar Georgia: maza 46 a ɗaure da sarƙa guda, suna fasa dutse da rana, da dare a zura kowa cikin akwatin katako a cikin rami. Ashe gidan yari yana cikin wannan littafi tun kafin a zo kan Ward da Whitehead. Wannan sarƙa ce za ta ɗaure mini babobin uku.

18 ga Maris

Azumi ya rage mini karatun rana, na koma bayan asuba. Watan ya tafi a kan bitar ayyukan da suka gabata da neman ra'in da zan ɗora aikin.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne Kenneth Warren na Jami'ar Chicago. A littafinsa na 2011, What Was African American Literature?, cewa ya yi adabin da ake kira na baƙaƙen fatar Amurka abu ne da ya yi zamaninsa ya wuce. A ganinsa dokokin wariyar launin fata ne suka haife shi, waɗanda Kotun Ƙoli ta sa wa albarka a shari'ar Plessy ta 1896. A wancan zamani duk baƙin da ya ɗauki alƙalami, ko ya so ko bai so ba, ana karanta shi a matsayin wakilin jama'arsa, kuma rubutunsa hujja ce a kan wariya. Da dokokin 'yancin ɗan ƙasa da na zaɓe na 1964 da 1965 suka rushe tsarin, sai dalilin haɗuwar ya kau. Baƙaƙe na nan suna rubutu, amma ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba, akwai attajiri akwai matalauci, kuma mai yawan tono bauta yana iya rufe wa mutane ido daga wannan bambanci.

Maganar tana da nauyi, ba zan ture ta da baki ba. Amsata za ta fito daga kundin tsarin mulkin Amurka kansa. Gyara na 13, na 1865, ya haramta bauta da aikin tilas, amma ya bar taga a buɗe: sai dai a matsayin hukunci ga wanda kotu ta samu da laifi. Jihohin kudu ba su yi wata-wata ba suka kafa dokokin da suka mayar da rashin aikin yi da yawon gararamba laifi, aka riƙa kamo 'yantattun bayi ana ba da hayarsu ga masu gandaye da masu haƙar kwal da masu shimfiɗa layin dogo. Jihar Alabama ba ta daina wannan haya ba sai 1928. A yau baƙaƙe kusan kashi 13 ne cikin ɗari na mutanen ƙasar, amma wajen ɗaya cikin uku na fursunoni su ne. Michelle Alexander ta bi wannan zare a The New Jim Crow na 2010, Saidiya Hartman kuma a Lose Your Mother na 2007 ta nuna cewa bauta ta bar ma'aunin da har yanzu ke yanke wa zai mutu da wuri, wa za a ɗaure, wa zai samu magani. Warren ya ɗauki ranar da aka soke doka a matsayin ranar da abin ya ƙare. Marubutana uku suna nuna wuraren da takardar sokewar ba ta isa ba.

16 ga Afrilu

Na gabatar da tsarin bincikena a taron ƙara wa juna sani na sashe. An yi muhawara sosai, kusan duka a kan fatalwa. Wata abokiyar karatu ta ce yarinyar da ta dawo a Beloved ai 'yar wabi ce, kuma ya kamata in karanta littattafan a matsayin gadon Afirka da ya tsallaka teku. Ɗakin ya ɗauka, don magana ce mai daɗin ji a wurinmu. Ba daga sama ta kawo ta ba kuwa. Akwai manazartan da suka kwatanta yarinyar da abiku na Yarabawa, kuma a littafin Ward kakar yaran, da ta zo gargara, Maman Brigitte ta addinin Budu take kira.

Duk da haka na ƙi bin wannan hanya, kuma na faɗi dalilina. A camfin wabi babu wanda ake tuhuma, yaro ne ke zuwa yana komawa. Matattun waɗannan littattafai kowannensu yana da shekara, da jiha, da doka, da wanda ya ɗana bindiga. Idan na ce al'adarmu ce kawai ta biyo su, na wanke hukumar da ta yi kisan, na kuma mayar da ciwon wasu abin tinƙahonmu. Richie, yaron da fatalwarsa ta dawo a littafin Ward, bai dawo don a yi masa girka ko a zuba masa hadaya ba. Tambaya guda ya zo da ita: me ya faru da ni?

Wani malami ya jefo tambayar da ta fi wannan zafi. Ya ce uku duk na kisa da kabari, shin ba ni ma na shiga sahun masu sayen wahalar baƙar fata ba? Ya kawo Erasure na Everett, 2001, inda wani farfesa baƙar fata da littattafansa ba sa kasuwa, wai don ba su cika baƙaƙe ba, ya fusata ya rubuta labarin 'yan daba da sunan ƙarya don ya yi wa masu ɗab'i ba'a, sai littafin ya zama shi ake rububi har da lambar yabo. Na ce zan amsa a cikin kundin. Dole gabatarwata ta faɗa ƙarara cewa adabin nan yana da barkwanci da soyayya da labarin kimiyya, The Sellout na Paul Beatty da ya ci kyautar Booker a 2016 ma ya ishe ni shaida, kuma ɓangare ɗaya na yanka da gangan.

6 ga Mayu

Jiya aka ba James kyautar Pulitzer. Na yi farin ciki. Everett ya ɗauki bawan nan Jim na littafin Mark Twain ya ba shi bakin ba da labari, ya sa guntun fensir ya zama abin da ake rasa rai a kansa. Ba ya cikin ukuna, amma zai samu sakin layi a gabatarwa.

21 ga Yuni

Daftarin babi na uku, na littafin Ward, ya kammala, kuma shi ne wanda na fi jin daɗin rubutawa. Turancin bakin mutanen karkarar Mississippi ya so ya ba ni wuya a takarda, sai na haɗa da sauraren littafin da murya, nan kunne ya warware abin da ido ya kasa.

Ward ta buɗe da yankan akuya. Ranar da Jojo ya cika shekara 13, ya bi kakansa Pop zuwa rumfa don ya nuna shi ma ya girma. Ya riƙe, aka yanka, aka fara jan fata tana rabuwa da nama, da aka farke ciki warin ya buge shi sai ya fita da gudu ya yi amai a waje. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙafar rago yana yaro ranar layya ya san wannan tsayuwa ta dauriya. Ward ba don ado ta sa wannan a shafin farko ba. Hannun da ya yanka akuyar cikin nutsuwa da tausayi, shi ne hannun da za mu ji abin da ya aikata a ƙarshen littafi, kuma fiɗar da aka yi wa dabbar ita za a yi wa mutum.

Zubin labarin tafiya ce a mota. Leonie, uwar Jojo, ta kwashe shi da ƙanwarsa Kayla zuwa kurkukun Parchman don su ɗauko ubansu Michael, wanda farar fata ne. Parchman ba ƙagagge ba ne. An kafa shi a 1901 a kan fili mai kusan eka 18,000, aka tsara shi tamkar gandun bayi: fursunoni a jere suna tsinkar auduga daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, wasu fursunonin da aka ba bindiga suna gadin 'yan'uwansu. Can aka kai matasan da suka shiga motocin haya don karya dokar wariya a 1961. Sai a 1972 wani alƙalin tarayya, a shari'ar Gates da Collier, ya yanke cewa yadda ake tafiyar da gidan ya saɓa wa tsarin mulki.

Pop ya yi zaman wannan gida yana ɗan shekara 15. A can ya haɗu da Richie, ɗan shekara 12 da aka ɗaure don ya saci abinci ya ciyar da ƙannensa. Pop yakan ba Jojo labarin gutsure-gutsure, ya faɗi farko, ya faɗi tsakiya, ya ƙi faɗin ƙarshe. Wannan shi ne salon da na gina babin a kansa: mai labari yana riƙe da ƙarshen, mamacin da kansa bai san ƙarshen ba, har ya biyo motar daga Parchman zuwa gida don ya ji. Da Pop ya buɗe baki, ga abin da ya fito. Richie ya gudu tare da wani babban fursuna, gungun fararen fata suka bazama nema, suka kama babban suka yi masa gunduwa-gunduwa da ransa. Pop, da yake shi ke kula da karnukan farauta, ya riga su isa wurin yaron. Ya lallashe shi, ya ce gida zai kai shi, sannan ya soka masa wuƙa a wuya ya rungume shi har ya cika.

Na ajiye wannan kusa da zarton da Sethe ta yanka 'yarta da shi. Tsakaninsu kusan shekara 90 a lissafin labaran, an yi yaƙin basasa, an soke bauta, amma zaɓin da ya rage wa mai ƙaunar yaro bai sauya ba. Don kada mai karatu ya ce ai wannan da ne, Ward ta sa ɗan sanda ya tare motar a hanyar dawowa. Jojo ya kai hannu aljihu don ya taɓa layar da kakansa ya ba shi, sai ga bakin bindiga a kansa, ga ankwa a hannun yaro ɗan shekara 13. Wannan shafi shi ne amsata ga Warren, ya fi duk alƙaluman da na tara.

19 ga Yuli

Wani daga cikin malaman sashe ya ba da shawarar in ƙara babin kwatanci da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Na koma na karanta shi. Ɓangaren uwar Umar, da ta bar gida neman ɗanta aka kama ta aka sayar, ta sha azaba har Tarabulus, ta mutu jim kaɗan bayan ta gan shi, ya taɓa ni fiye da yadda ya yi ina sakandare. Akwai aiki a nan, kuma mu ya kamata mu yi shi, don mu ma ba mu gama magana a kan rinji da cinikin bayi na Sahara ba. Amma ba a wannan kundi ba. Bautar da ta ginu a kan launin fata, ta kuma sake shiga ta kotu da kurkuku, daban take da wadda Ɓalewa ya zana, kuma babi guda zai zalunci duka biyun. Malama ta goyi bayana. Na ajiye shi don maƙala.

9 ga Satumba

Babi na huɗu, na littafin Whitehead, ya tsaya mini. Tarihin a fili yake. Makarantar horon yara ta Dozier da ke garin Marianna a jihar Florida ta buɗe a 1900, ba a rufe ta ba sai 2011. Akwai wani ɗan ɗaki da ake kira Farin Gida, inda ake kwantar da yara a zane su da bulalar fata. Gicciye 31 ne aka kafa a maƙabartar makarantar, amma da masu binciken Jami'ar South Florida ƙarƙashin Erin Kimmerle suka haƙa, kaburbura 55 suka samu. Majalisar jihar ta nemi gafara a 2017. Whitehead ya sauya wa makarantar suna, ya buɗe littafinsa da ɗalibai suna tono ƙasusuwa.

Tauraronsa Elwood yaro ne mai ƙwazo daga Tallahassee, kakarsa ta raine shi, ya haddace jawaban Martin Luther King daga faifai guda da yake da shi. Ran da zai fara ɗaukar darasi a kwaleji ya tsayar da mota a rage masa hanya, ashe ta sata ce. Shi ke nan, aka kai shi makarantar horon. A can ya haɗu da Turner, wanda bai yarda akwai adalci a ko'ina ba. Littafin yana tsallakawa zuwa New York lokaci-lokaci, mu ga Elwood ya manyanta, yana da kamfanin kwasar kaya, hankalinmu ya kwanta cewa ya tsira. A shafukan ƙarshe ne ake gane cewa an harbe Elwood ranar da suka gudu, Turner ne ya ɗauki sunansa ya rayu da shi shekara da shekaru.

Matsalar ita ce, a nan babu fatalwa ko ɗaya, alhali na gina babi biyu a kan dawowar mamaci.

14 ga Oktoba

Na kai wa Malama mafitar da na samu. Na ce Whitehead bai buƙaci fatalwa ba, domin ya sa rayayye ya yi aikinta. Hukuma ta binne Elwood ba alama, Turner kuma ya hana sunan shiga ramin, ya sa shi a takardun aiki, a inda hukuma dole ta rubuta shi. Yarinyar Sethe ta samu dutse ba suna, Richie bai samu ko ɗaya ba, Elwood ya samu suna ba dutse. Mai karatu kuwa, da aka bar shi yana murna da tsirar yaron da ya daɗe da mutuwa, ya ɗanɗana abin da iyalan yaran Dozier suka sha, waɗanda aka ce wa 'ya'yansu sun gudu ne.

Ta saurara har na gama, ta ce tsarin ya yi kyau, har ya so ya yi kyau da yawa. "Ka tabbata daga littafin ka ciro shi, ba kai ka ɗora masa ba? Turner ya ɗauki sunan don girmamawa, ko don yana gudun a kama shi? Kawo mini shafi." Tana da gaskiya a kan cewa dalilan biyu suna nan, kuma sai na nuna yadda suke cuɗanya maimakon in zaɓi wanda ya dace da hujjata. Ta kuma ce in nemo rahoton ƙarshe na masu haƙar Dozier na 2016, in ajiye shi kusa da buɗewar littafin, in nuna abin da rahoto ya iya faɗa da inda ya tsaya.

Babi na ɗaya zuwa na uku suna hannunta da gyare-gyare. Na huɗu zan sake shi daga tushe, in miƙa kafin ƙarshen Nuwamba. Rahoton na sauke shi a kwamfuta daren jiya, gobe zan fara da ɓangaren da ya jera yaran da gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da sunayensu.